Sandar Fatsar Baba

A shekarar da idon Baba ya ƙarasa rufewa, Yaya ya ɗauke masa filafilin tuƙa kwale-kwale ya ɓoye. Baba masunci ne, a bakin ruwan Tiga ya raine mu, kuma ya san wurin tun yana kogi, kafin a datse shi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi. Dama kafaɗa ta riga ta raba shi da jifan ragar birgi, ya koma fatsa: gora, zare, tana, da ɗan guntun kara mai shawagi a kan ruwa. In karan ya nutse, kifi ya ci. To ga shi karan ma ba ya gani. Sau biyu ya wuni a ruwa ya dawo da ƙugiya tsirara, ƙananan kifaye sun cinye tanar bai sani ba. A na uku ya ɓata hanyar dawowa, sai wasu masunta ne suka jawo kwale-kwalensa. Daga nan Yaya ya samu hujja.

Ban ce Yaya mugu ba ne, tsoro ne ya sa shi. Amma ni na ga abin da zaman zaure ya yi wa Baba a wata huɗu. Mutumin da ba a gama gaisawa da shi bai tsokani mutum ba, ya koma ba ya amsa sallama sai an maimaita. Ya rame, ya daina tambayar ko ruwa ya ƙaru. Na yi wa Yaya magana, ya ce in ina so in binne uba a ruwa, to in jira sai bayan ransa shi Yaya. Na haɗiye, amma ban yarda ba.

A cikin haka Alhaji ya ɗauke ni zuwa Guangzhou, can ƙasar Sinawa. Alhaji babban ɗan kasuwa ne a kasuwar Kwari, ni kuma na haura talatin ina da ɗan teburin wanduna a gefen shagonsa. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin Hausawan garin ba su da yawa, in ka hango hula a titi sai ka tsallaka ka gaisa. Kullum da safe mu shiga kasuwar Shahe, mu wuni muna ɗaga riguna muna duba ɗinki, gumi na tsiyaya har cikin takalmi. Kalmomi uku na koya: lauban, wato maigida, da meyo, wato babu, da she-she, wato na gode. Da su na yi rayuwar sati biyu.

Wata rana bayan la'asar na bi wani lungu ina neman wurin shan iska, sai na ga shago tsakanin mai gyaran keke da mai shayi. Sandunan fatsa ne jere har rufi. A bakin ƙofa akwai kwami na siminti cike da ruwa, kusa da shi tire cike da tana. Na kai hannu na ɗauki ɗaya, ashe roba ce. Dariya ta kama ni. Na ce a raina wane kifi ne zai bar tanar Allah ya ci wannan?

Mai shagon dattijo ne siriri, da singileti da kwalbar shayi a hannu. Ya ga ina dariya, bai ji haushi ba. Ya ɗauko wata ƙugiya mai kan dalma, ya soka mata tanar robar, ya jefa a kwamin, ya riƙa ɗaga bakin sanda a hankali yana saki. Tanar ta riƙa tsalle a ƙasan ruwan kamar mai rai. Na nuna saman ruwa, na kwatanta masa kara da yatsa. Ya ce meyo. Sannan ya rufe idonsa ruf, ya ci gaba da jan tanar, yana buga tafin hannunsa da ɗan yatsa. Wato wannan fatsar ba ta ido ba ce, ta hannu ce. Nan take Baba ya faɗo min a rai.

Kwana uku na yi ina komawa. Da an tashi daga kasuwa sai in zame. A ƙasan kwamin dattijon ya zuba tsakuwa a gefe ɗaya, laka a ɗaya gefen, da bulo a tsakiya. Nakan jawo hulata in rufe ido da ita, shi kuma ya riƙa miƙo min sanduna ɗaya bayan ɗaya. Masu wucewa sukan tsaya kallon baƙin mutum da hula a fuska yana fatsa a kwami. Ko a jikina.

Da mai araha muka fara. Kuɗinta bai fi na wando uku ba, tana shiga cikin juna kamar eriyar rediyo, ta dace da jaka. Na so ƙwarai a ce ita ce. Amma tana da nauyi, ga lanƙwasa tun daga gindi, duk abin da dalmar ta taɓa sai ya mutu a hanya kafin ya iso hannuna. Tsakuwa da laka duk ɗaya. Na tsakiya sun fi, baƙaƙe ne marasa nauyi, ya ce kabon ake kiran abin da aka yi su da shi. A cikinsu ma akwai bambanci: masu gaɓa biyu suna rage ji a mahaɗar, masu kaurin soso a mariƙi suna shanye shi. Sai kuma wadda ke cikin akwatin gilashi. Da ita na ji ƙwayar tsakuwa ɗaya-ɗaya, har na ji lokacin da wutsiyar tanar ta shafi bulo. Kuɗinta rabin abin da na zo da shi ne don sarin kaya.

Shi ya koya min gwajin maƙogwaro. Sai ya ɗora siririn bakin sandar a maƙogwaronsa, ni ina riƙe da gindin, ya yi magana. A mai arahar ban ji komai ba. A ta gilashin muryarsa ta sauko cikin tafina tana karkarwa. Nan take na ƙudurta ita zan saya, wandunan su jira wata shekarar.

A rana ta uku na yi masa bayanin wanda zan saya wa. Na shafa haɓata na kwatanta gemu, na nuna ƙirjina, na rufe ido da tafuka biyu. Ya ƙura min ido. Sai ya zare mai tsadar daga hannuna ya mayar akwati, ya ce meyo. Raina ya ɓaci, na ɗauka aljihuna ya raina. Na ɗaga murya da Hausa, ya bar ni na gama. Sannan ya kwatanta sanda tana bugun gefen jirgi, ya yi alamar karyewa da hannu biyu. Mai tsadar siririya ce ƙwarai, bugu ɗaya ya ishe ta, makaho kuwa dole ya buga. Ya shiga ciki ya fito da wata ta tsakiya, doguwa ɗaya ba gaɓa, ba fenti ba ado. An fafe mariƙinta a daidai inda ɗan yatsa ke zama, yadda fatar mutum za ta taɓa jikin sandar kai tsaye. Na karɓa ina shan kunu, don har lokacin ban gamsu ba.

Ina riƙe da ita Alhaji ya shigo. Wani ya gaya masa inda nake zuwa. Ko gaisuwata bai amsa ba ya fara. Ya ce ya kawo ni in zama mutum, na zo ina wasa da ruwa a gaban Sinawa. Ya ce ya ɗauka na baro ƙarnin kifi a Tiga, ashe nemansa nake yi har a nan. Duk wannan na saba ji a Kwari, na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana. Na ce masa Baba zan saya wa.

Ya ce, "Makaho da sandar fatsa? Ka saya masa sandar jagora mana, ita ce ta dace da shi."

Ban san lokacin da na ɗago ba. Na ce, "Alhaji, tunda faɗan za ka yi, Allah ya ba ka haƙuri, yi shi a nan." Na ɗora bakin sandar a maƙogwaronsa, daidai saman wuyan rigarsa, na rufe ido.

Na san abin da na yi. Mutumin da ko inuwarsa ba na takawa, na sa masa sanda a wuya a gaban baƙo. Mamaki ya hana shi ja da baya. Ya ci gaba da faɗa, ya kira ni mara kunya, ya kira ni ɗan masunta, kamar wani sabon labari ne. Ni kuwa kowace kalma tana gangarowa ta sandar tana shiga yatsana. Har haɗiyar yawunsa na ji. Da ya tsaya jan numfashi na buɗe ido na ce wa mai shagon wannan nake so. Dattijon ya juya baya yana gyara tire, kafaɗunsa na rawa.

Ya haɗa min da ɗan injin naɗe zare, da ƙugiyoyi masu kan dalma, da ƙunshin tanar roba da ƙananan kifayen roba. Ya zura sandar a bututun ruwa ya toshe bakin biyu. Ta fi ni tsawo. Alhaji ya rantse ba za ta shiga kayansa ba, na ce dama ban roƙa ba. A kafaɗa na ɗauke ta zuwa jirgin ƙasa, na tsallaka da ita Hong Kong, na yi musu a kanta a kowane filin jirgi da ɗan Turancin da nake da shi. Abokan tafiya suka sa min suna mai bututu. Alhaji bai sake yi min magana ba har muka sauka Kano, kuma bai sake ɗaukata tafiya ba. Teburina ma sai da na matsar da shi wani layin. Abin ya yi min ciwo, don mutumin ya yi min alheri a baya, amma har yau ban yi nadama ba.

Na samu Baba a zaure, inda na bar shi. Na sa masa tanar roba a hannu. Ya murza ta, ya shinshina, ya ce Sinawan nan sun ci kuɗina, kifi ba wawa ba ne. Rabon da in ji ya tsokani wani har na manta. Na ba shi gindin sandar, na gyara masa yatsa a kan fafen, na ɗora bakin a maƙogwarona na ce, "Baba, gobe za mu ruwa." Ya ɗan zabura. Ya ce in sake faɗa, na sake.

Yaya ya tsaya a ƙofa washegari ya ce ba inda za a kai shi. Na ce masa ni zan tuƙa, ni zan zauna a bayansa, in wani abu ya faru ya kama ni. Ya ce filafili dai ba zai bayar ba. Na ce ya riƙe abinsa, na aro na maƙwabci. Na kama hannun Baba muka wuce ta gabansa, bai tare mu ba, bai kuma yi mana Allah ya kiyaye ba.

Hantsi ya yi kafin Baba ya saba da injin. Ya cukurkuɗe zare ya fi sau biyar, yana zagin injin yana zagina. Ya buga sandar a gefen kwale-kwale har sau uku, duk bugu sai na tuna dattijon nan mai singileti. Can ya natsu. Ya saki dalmar ta sauka, ya fara ɗagawa yana saki. Ya ce nan laka ce. Muka matsa, ya ce ciyawa. Muka ƙara matsawa, sai ya daɗe yana ja a hankali.

Ya ce, "Fa ne wannan, dutse mai faɗi, da tsaga a gefe. A kansa muke shanya ragar koma kafin ruwa ya cinye wurin. Tsaya nan, giwan ruwa na son gindinsa."

Na riƙe kwale-kwalen. Ni ban ga komai ba, ruwa lumui, zare bai motsa ba. Sai kawai na ga ya fizge. Sandar ta lanƙwashe, zare ya fara kuka. Na miƙa hannu zan taya shi, ya buge min hannu. Shi kaɗai ya yi ta fama har kifin ya gaji, nawa kawai ɗagowa. Giwan ruwa ne madaidaici, bai kai a yi labari ba. Baba ya shafa shi daga kai har wutsiya, ya lalubo tanar robar a bakinsa ya zare da kansa. Hawaye ya zubo min, na gode Allah da ba ya ganina.

Na ce rana ta yi, mu koma. Ya soka sabuwar tana a ƙugiya, ya gyara zama, ya lalubi fafen da yatsa.

Ya ce, "Sai la'asar. In mun koma kuma, ka ce wa yayanka ya fito min da filafilina."