Shirun Yaya Delu

Shekara biyar ke nan, in aka kai ƙarshen kakar bana, da rasuwar yayata Delu. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba, sai masu karatu su yi mini uzuri. Ni ɗalibar aikin jinya ce a wani asibiti cikin birnin Kano. An zaɓe ni in je ƙaro ilimi a babban asibitin nan da aka buɗe a kudu, inda ake koya wa likitoci aiki. Sati biyu takardar zaɓen ta yi cikin akwatina ban amsa ba. Tsoro nake ji, kuma tsoron nan daga Yaya Delu ya faro.

A Dangora muka tashi. Ita ta goya ni, ita ta koya mini tankaɗe da sussuka, ita ce kuma likitar unguwarmu tun ba ta san akwai wani abu wai shi likita ba. In ƙaya ta karye a ƙafar manomi, wurinta ake zuwa. Sai ta gasa allura a wuta, ta ɗora ƙafar a cinyarta, tana jan mutum da hira har sai ya ga ƙayar a tafin hannunta. In kurkunu ya fito wa wani, ita ke naɗe shi a tsinke, kullum kaɗan, sati biyu ko uku, ba ta taɓa gaggawa ya tsinke ba. Tsofaffi maza masu gemu na gani suna hawaye a gabanta, tana ce musu, "Baba, yi kukanka, ba wanda zan gaya wa."

Da aka ɗauke ni makarantar 'yan mata a birni, ita ta yi mini kitso, ta cika mini ƙwarya da ƙuli-ƙuli, ta raka ni har Kwanar Dangora. Duk hutu in na dawo sai ta tare ni tun daga bakin rafi. "Ga 'yar boko, ga 'yar boko. To faɗa mini, me Turawa ke kiran turmi?" In na faɗa, ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce ai wannan ba suna ba ne, tari ne. Har yau in na ji ƙamshin sabuwar dawa ana dakawa, dariyar nan nake ji.

Shekarar da ta rasu ta dawo gida goyon ciki na fari. Ana tsakiyar yankan dawa, kowa yana gona. Ina hutu, shekaruna goma sha huɗu. Da hantsi na same ta a bayan rumbu ta dafa turmi da hannu biyu, gumi yana zuba. Na ce zan kira Inna, mahaifiyarmu. Ta kama wuyan hannuna.

"Kada ki sake. So kike a yi mini waƙa a gidan biki, a ce 'yar gidan Malam ragguwa ce?"

A wurinmu mace ba ta faɗin naƙudar fari, ba ta kuka, ba ta nishi. Wadda ta haihu ba a ji motsinta ba, ita ake yabo. Na yi shiru kamar yadda ta ce. Ta yi daka ranar, ta yi shara washegari. Sai a rana ta uku da ta faɗi a tsakar gida aka kira ungozoma, ita kuwa tana dubawa ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Maza huɗu suka ɗauke ta a gadon kara zuwa Kwana. Muka zauna a gindin tsamiya tun azahar muna jiran motar da za ta kai ta asibiti, motocin gyaɗa biyu suka wuce a cike. Ta ukun ta tsaya, amma a lokacin an riga an rufe mata fuska. Duk hanyar nan mata suna cewa, "Kai, Delu akwai dauriya."

Yanzu sai in riƙa tunanin me za ta ce da ta ga zamanin nan. Ana ta maganar mulkin kai, ana gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Babbar sistarmu, wata Baturiya da ta ziyarci asibitin kudun, ta ba mu labarinsa: bene a kan bene, ɗakin tiyata, ɗakin da ake ajiye jini a sanyi har mai bukata ya zo, na'urar da ke nuna ƙashin mutum ba a yanka shi ba, sashen yara daban, na masu haihuwa daban. Wai babban likita yana zagaya gadaje, ɗalibai suna biye da shi, yana tambayar su ɗaya bayan ɗaya. Na san Yaya za ta fara da tsokana, ta ce mutum goma a kan majinyaci ɗaya, ashe su ma gayya suke yi. Daga nan kuma za ta matsa gaba ta ce a nuna mata yadda ake ɗinkin. Da ita aka kai makaranta maimakon ni, da tuni ta amsa takardar nan.

Abin da ya girgiza ni ya faru ne kwana biyu bayan zuwan takardar. Aka kawo wata yarinya daga Ba'awa, mai cikin fari, kwana uku tana naƙuda. Ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Kakarta tana gaya mini da alfahari, "Ko uffan ba ta ce ba, 'yar nan." Tiren da ke hannuna ya suɓuce, na fita da gudu, na ɓuya a bayan ɗakin wanki. Aka yi mata tiyata ba ni a wurin. Ta rayu, ita da jaririn. Ni kuwa na ce a raina, wadda ta gudu daga ɗaki ɗaya, me za ta je yi a asibiti mai bene?

Ranar Juma'a na tafi gida da niyyar in ce na fasa, har aikin ma in bar shi. Na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Na zauna na kama taya ta, sai na ji bakina ya faɗi abin da na ɓoye shekara biyar.

"Inna, na sani tun ranar farko. Ita ta hana ni faɗa."

Ba ta ɗago ba. Ta ɓare gyaɗa uku ko huɗu tukuna.

"Ke kina zaton ban gani ba? Ni da na haifi bakwai? Na ga tafiyarta tun da safe." Ta watsar da ɓawon gefe. "'Yar fari ce. Ta ina zan fara tambayarta a gaban mutane? Ko sunanta ban taɓa kira ba. Ita tana jin kunyata, ni ina jin kunyarta, kowa yana yabon mu."

Na ce mata tsoro nake ji, na ba ta labarin tiren da gudun da na yi.

"To ai gara ke, tsoronki ya yi ƙara, an ji," in ji ta. "Tafi ki koyo. In kin dawo kada ki jira su faɗa miki. Ke ba ki da kunyar kowa, boko ya cinye ta. Ki tambaye su."

Ban san abin da ya rage na Yaya Delu a duniya ba in ban da ƙafafun da ta cire wa ƙaya, waɗanda har yau suke zuwa gona, da mu biyu da muka gani muka yi shiru. Ina roƙon Allah Ya jiƙan ta, Ya yafe mana. Tsoron bai tafi ba. Jiya da zan sa hannu a takardar sai da na ɓata layin farko, sista ta miƙo mini wata. Jirgin ƙasa ranar Alhamis ne.