Reza da Tandun Kwalli

Daga Bagudo har iyakar Benin babu mai saurin hannun kakata. Kaza ba ta gama kyarkyara ba, ta fige ta. Haka take yankan cibiya: jariri na faɗowa, reza ta wuce. Ta ce in aka jinkirta, mabiyiya za ta janye jinin yaro.

Haka ta yi wa ƙanena. Ni kuma, ina 'yar shekara goma, aikina sa masa kwalli. Ni ke niƙa dutsen nan mai walƙiya, in cika tandu, in rangaɗa masa safe da yamma har ya koma kamar mujiya. Ya murza ido, ya tsotsi yatsa, mu yi ta dariya.

Bai kai yaye ba ya fara jijjiga. A asibiti malamar jinya ta ja fatar idonsa, cikin fari fat. Ta ce jininsa ya yi kaɗan, kuma yaron da ba shi da isasshen jini ya fi zuƙar gubar dalma. Dalmar tana cikin kwallin. Ta tambaya wa ke sa masa. Ni da bakina ba ya hutawa ko ina barci, na sunkuyar da kai.

Bana Inna ta sake haihuwa, da hantsi, kafin a samo mota. Mace ce. Kaka ta ɗaga reza, na cafke hannunta.

"Ke ɗiyar ga, mi ya same ki?"

"Kaka, bari cibiyar ta daina harbawa. Malama ta ce jinin jaririya ne bai gama shiga ba."

"Malamar ce ta yanke wa ubanki cibiya?"

Ban saki ba. Ta zage ni har kakanni bakwai, ta manta ita ce ta farkonsu. Sai da igiyar cibiyar ta yi fari ta kwanta na saki hannun Kaka. Da ta nemi tandu kuwa, tuni na binne shi a bayan gari. Ta ce an bar mata jika da ido kamar na kifi.

Jaririyar tana ta ƙiba. Ƙanena shekararsa biyar, har yau ba ya magana, bai taɓa kiran sunana ba. Amma kullum da safe yakan zo ya tsaya gabana, ya ɗaga fuska, ya ware idanu yana jira. Sai in shafa masa yatsana, ba komai a kai, ya tafi.