Ranar da Alhaji Sule Ya Kira Sunan Ɗansa

Ko na manta da komai na aikin nas a makaranta, ba zan taɓa mantawa da ranar taron iyaye a kan kwaroron roba ba. A farkon shekarun 1990 ne, ina nas a wata sakandare a nan Greensboro, a Amurka. Ku sababbin shiga aikin nas ba ku ga zamanin ba. Ƙanjamau na kashe mutane, magani babu, mu kuwa aikinmu auna zafin jiki da liƙa filasta. Amma yara sun san ƙofata. Sai yaro ya shigo da ciwon kai, in ya zauna ya yi tambayar da ba ta da alaƙa da kai.

Na gaji, na kai wa shugabar makaranta shawara a ajiye kwaroron roba a ofishina, wanda ya nema a ba shi bayan an yi masa nasiha. Ta ce, "Saratu, wannan ya fi ƙarfina, sai an ji ta bakin iyaye." Ƙa'idarsu ke nan: a kira taro, kwamiti ya zauna a gaba, mai magana ya fito gaban makirfo.

Kafin ranar, labari ya gama zaga mutanenmu. Mu Hausawan garin ba mu da yawa, Musulmi da Kirista tare muke suna da biki. Sai ga ni an yi suna ba a gaya mini ba. Wata ma ta ce mini a kanti, "Sista, ashe roba kika koma rabawa?" Wallahi abin ya ci mini rai. A ƙasar da ba ka da dangi, in mutanenka suka juya maka baya, ina za ka?

Da la'asar aka cika ɗakin taro. Wani fasto ya yi magana, wata uwa daga Summerfield ta buga tebur, wani likita ya goyi bayana. Can sai na ga Alhaji Sule ya miƙe. Shi ne dattijonmu, yana aiki a wani sito a Wendover, ƴarsa Maryam tana makarantar. Abin da ya faɗa shi jama'armu ke bi. Na ce a raina, shi ke nan Saratu, taki ta ƙare.

Ya gyara hula, ya fara da Turancinsa a hankali. "Ina da ɗa. Shi ne na fari. Bara muka binne shi, muka ce wa mutane ciwon huhu ne. Ba shi ba ne, ƙanjamau ne." Sannan ya ce, "Sunansa Kabiru. Kabiru."

Turawan sun ji uba mai baƙin ciki, amma ba su san abin da ya faru a gabansu ba. A wurinmu uba irin Alhaji ba ya kiran sunan ɗansa na fari, saboda alkunya. "Yaron nan" yake cewa, tun yana goye har ya yi gemu. Ko a zaman makoki ban ji sunan a bakinsa ba. Hajiya matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya ci gaba. "Ni ban zo in ce a raba ba, zuciyata ba ta yarda ba har yanzu. Amma sunansa ma ban iya kira ba, balle in zaunar da shi in gaya masa abin da ke kashe samari. Ban yi ba, kuma ba wanda ya yi. Ku bar matar nan ta yi magana da ƴaƴanmu."

Kwamiti bai amince da shawarata ba, daga baya ma jiha ta hana rabawa a makarantu gaba ɗaya. Ni dai a ranar ko ƙuri'ar ban saurara ba, ina ta kallon mutumin.

A wurin ajiye motoci na durƙusa na gaishe shi. "Alhaji, Allah ya jiƙansa."

"Amin, ƴata." Mutanenmu na tsaye suna ji, bai rage murya ba. "Gobe zan turo miki Maryam. Duk abin da ya kamata ta sani, ki gaya mata. Ni bakina ba zai iya ba."

Washegari ta zo, muka rufe ƙofa. Bayanta wasu suka biyo, har da ƴar matar nan ta kanti.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, uban da ya yi shiru ba lallai ne bai damu ba. Sau da yawa kunya ce ta ɗaure shi, yana neman wanda zai faɗa a madadinsa. Har na yi ritaya, in yaro ya zauna a gabana, nakan ɗauka iyayensa ne suka aiko shi, ko da ba su ce ba.