Doña Femia, Mai Ɗaura Igiyar Takalmi a Ƙofar Nogales

Kullum da ƙarfe takwas na safe, kafin bas ɗin farko ya sauke mutanen da aka koro daga Amurka, Doña Eufemia Barraza, wadda kowa ke kira Doña Femia, tana bakin ƙofar iyaka a Nogales, garin da ke kan iyakarmu da Amurka. Kayan aikinta ba su da yawa: 'yar kujerar roba, tsumman da take durƙusawa a kai, da jakar cefane cike da igiyoyin takalmi. Nas ce a gidan saukar baƙi da ke bayan kasuwa, amma in ka gan ta sai ka ɗauka talla ta fito.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar nan ya san yadda 'ya'yanmu ke fitowa. A inda ake tsare su ana karɓe bel da igiyar takalmi, sai ka ga ƙato yana jan ƙafa, hannu ɗaya riƙe da wando. A nan Doña Femia take tarar shi.

"Zo nan, ɗana, zauna. Haka za ka shiga gari kana tafiyar agwagwa?"

Direbobin tasi da ke jiran fasinja ba sa ƙyale ta. "Doña Femia, yaushe za ki ɗaura mini nawa?"

"Ranar da aka koro ka. Amma kai da ko hanyar coci ba ka sani ba, ina za ka gane ta Amurka?"

Ana cikin dariya take durƙusawa. Tana zura igiya, kanta a sunkuye, sai ta yi tambaya uku da muryar da mai takalmin kaɗai ke ji. Ina ne gida? Ka ci abinci? Akwai maganin da kake sha kullum wanda ya yanke maka?

Saboda tambaya ta ukun take fitowa. Mai dafa abincin gidan baƙin ta ba ni labarin cewa da farko tebur Doña Femia take kafawa, da allo an rubuta gwajin ƙanjamau kyauta. Wata guda cur ba wanda ya matso. Maza har titi suke tsallakawa don kada a gan su kusa da allon. Sai ta naɗe shi, ta je kasuwa ta sayo igiyoyi. Shekara ashirin da biyu ke nan.

Sunana Crisóforo Tlapa. Masara da wake nake nomawa a ƙauyenmu a jihar Puebla, a aji shida na tsaya da karatu. Abin da zan faɗa game da ɗana Nicanor da izininsa nake faɗa.

Shekara takwas ya yi a tsallake, wato Amurka, daga gonakin inabi zuwa aikin rufin gidaje. A can cutar ƙanjamau ta kama shi. Ban tambaye shi ta yaya ba. Na dai san a ɗakunan leburori in jiki ya mutu akan yi wa juna allurar ƙarin ƙarfi, sirinji ɗaya ya zagaye mutum biyar, kuma na san namiji mai shekara ashirin da ba kowa nasa a gari ba dutse ba ne. Shekara uku yana karɓar magani a wani ƙaramin asibiti, bai gaya wa kowa ba. Mu dai muna ganin hotonsa a waya, ya yi ƙiba, muna gode wa Allah.

A wurin aiki jami'an shige da fice suka kama shi, kwalbar maganin tana ɗaki. Kwana ashirin da shida yana tsare bai buɗe baki ya nema ba, saboda akwai wani ɗan ƙauyenmu a ɗakin da aka tsare su, kuma ya san kafin ya iso gida labarin ya riga shi. Ranar da aka sauke shi a Nogales ya riga ya gama shawara: jibi zai bi masu tsallakar da mutane ta hamada, tafiyar kwana biyar a ƙasa, a watan Yuni. A tunaninsa maganin nan a Amurka kawai yake. Ga zawo ya fara masa, bakinsa duk ya yi fari.

A takalmin hagu Doña Femia ta yi masa tambayar maganin, ya ce babu. Ta koma na dama, ta zura, ta kwance, ta ce ta yi kuskure, ta sake farawa. Ya ce mini sau uku tana kwancewa. A na ukun ya ce, "Akwai."

"Sunansa?"

"Wata farar ƙwaya ce, 'yar doguwa."

"Kai, ka taimake ni ƙwarai. Rabin ƙwayoyin duniya farare ne. Wane gari asibitin yake?"

Da ya gaya mata shirinsa na hamada, ta ɗago ta dube shi. "Za ka je ka mutu a ƙarƙashin ƙaya saboda abin da ke nan bayan tashar mota, kyauta? Ka ba ni kwana uku. In na kasa, ni zan cika maka jarkar ruwa."

Yini biyu ta yi a kan waya. Asibitin can suka ce ba sa ba da bayanin marar lafiya sai da takarda. Ta sa ya rubuta, ta ɗauki hoto ta tura. Suka ce mai kula da takardun ta tafi hutu. Ta nemi wata nas da ta sani a tsallake, waccan ta nemi wata. Ran kwana na uku sunan maganin ya iso, da sakamakon jininsa na baya. Ta riƙe hannunsa har gaban likita. Bai bi hamada ba.

Ba ita ta kira ni ba, ba ta fallasa sirrin kowa. Ce masa ta yi, "Wannan kaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Zaɓi wanda za ka gaya wa." Ya zaɓe ni. Kwana biyu na yi a bas, ban iya cin komai ba.

Doña Femia, ke kin san abin da na yi da na iso, kuma zan faɗe shi don kunyar ta yi wa wani amfani. Muna zaune a ɗakin cin abinci na gidan baƙin, an kawo wake da tortiya, gurasarmu ta masara, Nicanor ya kurɓi gahawa ya miƙo mini kofin kamar yadda muke yi a gona. Na ce na ƙoshi. Na ga yadda ya janye hannunsa. Ke kuwa kina wucewa da tire, kika ajiye, kika ɗauki kofin kika shanye.

"Sukari ya yi yawa," kika ce. Sannan kika juyo gare ni. "Don Crisóforo, kofi ba ya ɗaukar wannan cuta, runguma ma haka. Abin da ke kashe su shi ne a bar su su kaɗai. Ka yi kwana biyu a mota don ka zauna nesa da shi?"

Tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya yi mini faɗa haka. Na tashi na koma kusa da ɗana.

Yau shekara huɗu. Nicanor yana gida, tare muke noma, likita ya ce cutar ta kwanta har ba a ganinta a jini. Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Duk lokacin da samarin ƙauye suka fara haɗa jakar tafiya tsallake ina ganin yadda yake shiru, kuma na san wata rana zai iya cewa zai koma. Amma yanzu ya haddace sunan maganinsa, ya san inda zai nema a kowane gefen iyaka, ya kuma san akwai wanda zai kira.

A ƙarshen wannan wata Doña Femia za ta ajiye aiki. Gwiwoyinta sun ƙi, in ta durƙusa sai an kama ta ta tashi. Ba ta da lambar yabo ko ɗaya, kuma yawancin waɗanda ta ceta ba za su iya fitowa su gode mata ba, don godiyar za ta tona su. Ni na fito a madadinsu. Doña Femia, ke ce uwar waɗanda aka koro. Ke ce kika mayar mini da ɗana yana tafiya da ƙafarsa. Na gode, Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyin nan hutu.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, daga jihar Puebla har ta Oaxaca, da ku nake. Nogales ta yi mana nisa, amma 'ya'yanmu a gidajenmu suke sauka. In naka ya dawo, kada ka tsaya a tambayar me ya kawo. Ja shi gona inda ba kowa, ka tambayi lafiyarsa, kuma ka shirya jin amsar.

Asibitin da ke ba da maganin tafiyar awa uku ne daga ƙauyenmu, kuma duk wanda aka gani a bas ɗin safe sai an tambaye shi ina za shi. Don haka duk Litinin ɗin farkon wata, ƙarfe bakwai, tsohuwar motata tana gaban coci, za ni birni sayen taki. Wanda ke son taki ya hau, ba na tambayar kowa komai. Watan jiya mu biyar muka tafi, muka dawo da yamma ba buhu ko ɗaya a bayan mota. Wata mai zuwa ma za ni.