Ƙurajen Reza

Shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, reza ta cika kasuwar Sheme. Da can aska ce, ba kowace mace ke da ita ba. Sai ga yara mata suna sayen reza guda, su yi ta aske gaba da ita har ta yi tsatsa, a bushe, ba ruwa ba sabulu, kuma suna jan ta sama.

Ni ungozoma ce lokacin. Gaban mata kam na gan shi iri-iri, ban jin kunyar faɗi.

Wata hantsi ɗiyar ƙanwata ta iso daga Daudawa da ƙullin kayanta, idanu jajur. Mijinta direban tifa ne a wani kamfanin titi can Kaduna, sai ƙarshen wata yake zuwa. Ta ce kwana uku da zuwanshi ƙuraje suka feso mata, ya kwaso mata ciwon matan birni, ba ta komawa. Ni in je in amso mata takarda.

Na ce ta shiga ɗaki ta kwance zane. Ta tsaya nuƙu-nuƙu. Na ce, "Ke, ni na yanke maki cibi. Kwanta."

Ciwon da take tsoro na san shi, na gan shi ga mata biyu, duk asibitin Funtua na tura su. Shi wurin kan fara zugi da ƙaiƙayi tun ba a ga komi ba. Sannan 'yan ƙurajen ruwa su fito cunkushe wuri guda, su fashe su bar gyambo mai raɗaɗi, fitsari ya taɓa a yi ta kuka. Farkon zuwan ciwon har da zazzaɓi da kaluluwa. Ya warke, ya sake dawowa nan inda ya fito.

Nata ba haka ba. A warwatse suke, masu tauri, kowane a gindin gashi, iyakar inda reza ta bi. Wani ma kana hango baƙin gashin naɗe a ciki. Na tambaye ta yaushe ta yi aski. Ta ce jajibirin zuwan mijin, wai kwalliya.

Na sa ta gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, safe da yamma, na hana ta matsa. Na ce in ruwa ya taru ko gyambo ya buɗe, asibiti za mu, ba gardama. Kwana na uku gashin ya leƙo da kanshi. Na nuna mata.

Ta ce, "Inna, to mi zan ce mashi na zo yi?"

Na ce ta ce ni ce ba lafiya. Na ƙulla mata daddawa da kuka, na raka ta bakin titi. Ta tarar da shi bai koma Kaduna ba, yana ta cigiyarta gidan 'yan'uwa. Washegari sai ga shi da sukari da lemu, ya zo duba ni. Na kwanta na yi mashi nishi yadda ya kamata.