Ranar da Aka Kira Sunan Uwata a Lasifika

Danladi ne ya sa ni a sata, ya ci rabonsa, ranar shari'a kuma ya dube ni ya ce bai taɓa ganina ba. Abin da aka yi mani ke nan, ban kuma manta ba. Amma ku samari, abin da ni na yi zan gaya maku.

Ni ɗan Zuru ne, a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Da ni da Danladi tare muka yi golmo, noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Wanda kuka sunkuya a gona ɗaya tsawon haka, ba ka tambayarsa dalili. Bayan aure na buɗe rumfar facin taya a bakin tasha. Nakan zauna ina kallon motocin garin Danko suna wucewa, ina gina shago a cikin kaina, mai rufin kwano da shuɗiyar ƙofa. Har ƙamshin fentin nake ji.

Da tallafin gwamnati na mata masu ƙananan sana'a ya zo, Danladi ya samu shiga cikin masu rajista. Ya same ni a rumfa ya ce, "Abokina, ka iya rubutu, kuma ba gidan da bai san garmarka ba. Kai za ka tara sunayen unguwarku." Guraben kaɗan ne. Ya ce in cire wasu, in sa waɗanda ba za su zo neman komai ba, katin cire kuɗinsu ya zauna a hannunmu. Na ce su wa? Ya ce, "Akwai wanda ya kai matattu haƙuri?" Muka yi dariya.

Da suna ɗaya na fara. Daga baya na sa na marigayiya uwata, don tsohon katin shaidarta yana akwatina. Wadda na goge domin ta shiga ita ce Inna Tani, ƙawarta, mai daddawa, da ke son sayen babbar tukunya. Duk sati sai ta tsaya a rumfata. "Ɗana, sunana ya fito?" In ce, "Yana hanya, Inna."

Wata safiya masu tantancewa suka zo filin firamare da lasifika. Kowace mace aka kira sai ta fito a gan ta. Ina tsaye gindin mangwaro sai na ji sunan uwata ya cika filin. Aka sake kira. Wallahi sai da na juya na dubi hanyar gidanmu, ina jira in ga ta ɓullo da ƙwaryarta a kafaɗa, tana tafiyar nan tata a hankali. Na manta ni na rubuta. Inna Tani ce ta miƙe daga cikin mata ta ce, "Ku daina kiranta. Ni na wanke ta." Daga nan ta dube ni.

Damina uku na yi a gidan yari. Ko da rana tsaka, in na jingina da bango, sai in ga uwata zaune tana tsince kalwa. Ba ta faɗa, ba ta kallona. Na so ta zage ni, ba ta yi ba.

Da na fito na je na durƙusa gaban Inna Tani. Har yau ƙaramar tukunyarta ce a murhu. Ta ce, "Ni na yafe. Wadda ka tayar, je ka roƙe ta." Na je kabarin na roƙa, na kuma tuba ga Allah.

Samari, in aka ba ku takardar tallafi, ku sani kowane layi mutum ne da tukunyarsa. Kada ku goge kowa, ko wa ya sa ku.

Na koma faci. Danladi kuwa ya gina shago a bakin kasuwa, ƙofarsa shuɗiya. Na je na tsaya a gabansa. Ya ce, "A'a, abokina, sannu da dawowa."

Na ce, "Yau ka san ni? Ban zo karɓar komai ba, riƙe ƙofarka. Ni an kira nawa sunan a gaban jama'a, na amsa, an gama. Naka yana hanya, Danladi. Ranar da za a kira shi, ba wanda zai miƙe ya ce a daina."