Na'urar Aminu Tana Amsa Sallama, Ba Mai Fitowa

Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanena Aminu, amma kwamfutar da ya bari a ɗakinsa, a gidanmu na Ƙofar Kaura, ba ta taɓa mutuwa ba. Ba ma barin batirin solarta ya ƙare.

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa na sani. Shi kuwa manhaja yake rubutawa. Ya mai da kwamfutar nan saba, wato na'urar da wasu ke neman abu a wurinta daga nesa. Ciki ya zuba hotunan gida da hirarrakin da ya naɗa da mahaifiyarmu, Hajiya, muna sauraro ta wayoyinmu.

Na taɓa tsokanarsa, na ce wannan akwati zaman kashe wando kawai yake. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, zaman zaure yake. Akwai abin da ake kira soket, shi ke tsare ƙofa ɗaya yana sauraro. Wayarka ta yi sallama, a amsa mata, ta tsaya a layi. Sai manhajata ta fito ta karɓe ta, ta ba ta nata soket ɗin su gana, na farkon ya ci gaba da tsaron ƙofa."

Tun bara manhajar ta daina fitowa. Na ɗauko wani injiniya ya duba, ya ce ƙofa na amsa sallama, mai shigar da baƙi ne ya tsaya cak. Gyaran sai an kashe an kunna, kuma in ta tashi kalmar sirri za ta tambaya. Aminu ya tafi da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da yana nan, na san cewa zai yi, "Aikin minti biyu ne, Yaya." Wallahi wannan ya fi komai ci mini rai.

Idon Hajiya ya tafi, hoto ba ya yi mata amfani. Muryar autanta take so, kuma ba ta ko'ina sai cikin akwatin nan. Duk Juma'a takan miƙo mini wayarta in gwada, mu zauna ina kallon alamar jira tana juyawa a fuskar wayar.

An koya mana sallama uku ce, in ba a fito ba ka juya. Na faɗa mata haka makon jiya, don na gaji. Ta ce, "Ai ka ce ana amsawa. Sake yi."

Na sake. Allah Ya jiƙan Aminu.